Kanar bai yi ƙarya ba, ni ce na yi shiru

Yau shekara talatin da shida ke nan da aka fita da yayana, Ya Bukar, daga gidanmu na Nguru zuwa makwancinsa. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan soya waina a raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in kama bakina. Bana ma na soya wainar, amma kama bakin ya gagara. Jikarsa Yagana, 'yar ɗansa Modu, ta samu manemi daga wajen Gashua, yaro mai hankali. An kawo gaisuwa, an ci goro, sai dangin yaron suka shiga bincike kamar yadda aka saba. Wata biyu ke nan ba su dawo ba. Da Modu ya matsa, sai aka raɗa masa abin da wata tsohuwa ta faɗa musu: ai jikar Bukar mai inji ce, wanda ya cinye wa mutane fadama. Ashe maganar ba ta mutu ba, kwanciya kawai ta yi.

Matasan da ke karanta wannan shafi ba su san Ya Bukar ba, bari in gaya muku ko wane ne. Dogo ne, siriri, mai yawan shiru, mai taurin kai na fitar hankali. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni na koyi buga tafireta, kuma shi ya samo mini aiki a ofishin da yake, wani shirin raya fadama da aka kafa a Gashua a shekarun mulkin soja, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Borno. Aikin ofishin shi ne a auna fadamu, a rubuta gonar wa ke ina, a fitar da burtalin shanu, don a rage rigimar manoma da makiyaya. Ma'auna, wato masu awon gonaki, su fita da littattafansu, su dawo da su cike da laka, ni da wasu mata biyu mu shigar da abin da ke ciki a kwamfuta.

Kwamfutar nan ita ce ta farko da yawancinmu muka taɓa gani. Akwati ne guda, a ɗaki mai sanyi wanda ba a shiga da takalmi, igiyoyi sun fito daga jikinsa zuwa allo huɗu a ofisoshi daban daban. Kowa na da sunansa da kalmarsa ta sirri. A cikin akwatin akwai babban faifai inda rajistar gonaki take kwance, a gabansa akwai bakin da ake zura ƙaramin faifai, a gefe kuma na'urar kaset da ake kwafe komai a ciki duk ƙarshen mako saboda gudun tsautsayi. Ya Bukar ne aka tura Kaduna ya koyo ta, shi kaɗai ke da babbar kalmar da ke buɗe ko'ina. Babban mabuɗi muke ce mata.

Ranar da ya fara koya mana, ya ce a can ƙuryar injin akwai wani sashe da komai ke bi ta hannunsa. Ba mai karanta faifai, ba mai rubutu a kai, sai sashen nan ya duba sunanka ya ga ko an yarje maka. Ya faɗi sunansa da Turanci, mu kuwa abin da kunnenmu ya ji shi ne Kanar. Dariya ta ɓarke. Zamanin soja ne, kowa ya san Kanar ba a yi masa musu. Ya yi ta gyara mana har ya gaji ya bi mu. Daga ranar, duk wadda allo ya ƙi mata wani abu sai ta ce Kanar ya hana.

Kanar ɗin kuwa ya iya hani. Mu masu shigar da bayanai sabon rubutu kawai muke iya ajiyewa a ɗakinmu, Ya Bukar ya duba, ya zuba a rajista da hannunsa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙaramin faifai. Idan ina son in kwafe wasiƙa guda a faifai don a kai Maiduguri, sai na nemo shi, ko yana masallaci ko yana wajen janareta. Na yi masa magiya, na yi fushi, na kai ƙara wajen matarsa. Wata rana na ce, "Ya Bukar, ni fa ƙanwarka ce, ba ɓarauniya ba." Sai ya ce, "Falmata, Kanar bai san ƙanwa ba." Ya kuma yi mini bayanin da ban saurara da kyau ba sai da lokaci ya ƙure. Ya ce rajistar kamar hatsi ce a rumbu, ƙofa na sama, mai tsaro na bakin ƙofa yana rubuta duk wanda ya shiga da ranar da ya shiga. Amma faifan kansa shi ne gindin rumbun. Wanda aka bari ya taɓa gindin ba ruwansa da ƙofa, ta ƙasa zai huda ya ɗebi abin da yake so, ya zuba abin da yake so, mai tsaro kuwa ya rantse ba wanda ya wuce ta gabansa. Shi ya sa ƙofofin faifai, babba da ƙarami, duk ya kulle su ga kowa sai shi.

Nakan tuna maganar nan idan na ga jikokina. Wancan makon ɗaya daga cikinsu ya tsinci filashi a cikin Keke Napep, ya zo da murnarsa ya cusa a kwamfutar babansa don ya ga mene ne a ciki. Wayata ma, da suka saya mini, kullum tana tambaya ko na yarda wani abu ya shiga ma'ajiyata, yaran su danna eh kafin in gama karantawa. Da Ya Bukar na raye da hawan jini ya kama shi. Ko kuma ya yi irin shirun nan nasa, ya kalle su, ya kalle ni, domin ya san wadda ta fara danna eh a gidanmu.

A shekarar da abin ya faru, ana dab da damina, na'urar kaset ta lalace. Ba lalacewa kawai ta yi ba, sai da ta tauna kaset biyun da muke juyawa, ta fito da su kamar taliya. Aka yi odar wata daga Kano, za ta zo ta jirgin ƙasa. Har ta iso, rajistar aikin shekara biyu tana wuri biyu kacal a duniya: babban faifai, da littattafan ma'auna da ke cikin kabad. Ya Bukar ya rame a makonnin nan. Da aka aiko cewa kaya sun kusa, ya ce shi da kansa zai je Nguru ya jira jirgi, ba zai yarda a jefa na'urar a bayan akori-kura ba. Kafin ya hau mota ya miƙo mini ambulan, ya liƙe bakinta da ƙaro. Ya ce babban mabuɗi ne a ciki, in wuta ta ɗauke injin ya ƙi tashi, in buɗe, in bi shafin farko na littafinsa. In ba haka ba, ko kallonta kada in yi.

Jirgi ya yi lattin da ya saba. Kwana biyu da tafiyarsa sai ga baƙo. Mota mai kyau, rigar shadda, 'yar jaka ta fata. Shugaban ofishinmu, wanda muke ce wa Oga, ya zagaya da shi yana cewa masani ne daga hedikwata, ya zo duba ingancin aiki. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba ni da tabbacin sunan da ya ba mu nasa ne. Mutum ne mai fara'a, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi lafiyar cikin da nake ɗauke da shi, na fari, wata shida. Amma tun da ya shigo ɗakin sanyi idonsa na kan akwatin, ba kan allo ba, kuma na lura da hakan.

Ya Bukar ya tanadi suna guda a injin don masu ziyara, ya sa masa baƙo. Mai wannan suna yana iya dubawa, ba ya iya taɓawa. Mutumin ya shiga da shi, ya ciro ƙaramin faifai daga jakarsa ya zura, Kanar ya hana. Ya yi murmushi ya dubi Oga. Nan Oga ya hau faɗa. "Wane irin abin kunya ne wannan? Injin da kansa ya rubuta baƙo, sannan a hana shi? A gidan ubanki haka ake yi wa baƙo, Falmata? A shimfiɗa masa tabarma a ce kar ya zauna?" Na ce Ya Bukar ba ya nan. Ya ce ya san an bar mini ambulan.

Ba zan ce tilasta mini aka yi ba. Tsoro na ciki, kunya na ciki, amma akwai wani abu na uku da na fi jin nauyin faɗa: daɗi na ji. Shekara biyu ina roƙon ƙofar nan, yau ga ta a hannuna, da umarnin na gaba da yayana. Na ɓare ambulan, na shiga da babban mabuɗi, na buɗe littafinsa inda ya rubuta yadda ake sake wa ƙofa izini. Sai na tarar da jerin sunayen ƙofofi, gajeru, haruffa biyu da lamba, duk sun yi kama da juna. Ban san wanne ne na ƙaramin faifai ba. Ina bi da yatsa, sai baƙon ya sunkuyo ta bayana ya ce a hankali, "Kada ki wahalar da kanki, malama. Sa tauraro kawai, zai ɗauke su duka." Tauraro wata alama ce a saman lamba takwas, ma'anarta kowa da kowa. Na danna shi. Allon bai ce komai ba, layi kawai ya sauko, kuma har yau ban ga abin da ya kai wannan shirun ban tsoro ba.

Na fita daga babban mabuɗi, na mayar da takardar, ina ganin na yi dabara tunda ban ba shi kalmar ba. Ashe ba ya buƙatarta. Wuni biyu ya yi a gaban allo da sunan baƙo. Da na kai masa shayi na ga allon cike da lambobi da haruffa a jere, irin da ban taɓa gani a aikinmu ba. Ya ce gwaji yake yi. Ranar da zai tafi aka kwashe littattafan ma'auna aka zuba masa a but ɗin motarsa, wai za a tantance su a hedikwata. Ina tsaye a baranda na ga an rufe but ɗin, gabana ya faɗi, amma na ce wa kaina cikin ne ke motsi.

Ya Bukar ya dawo ranar Laraba da azahar, na'urar a kan cinyarsa tun daga Nguru. Bai yi minti goma a ɗakin sanyi ba ya kira ni. Ya ɗaga ambulan, wadda na riga na sake liƙewa da ƙaron da na jiƙa da yawu, ta yi tudu. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Na gaya masa komai. Ya ce, "Tauraro kika sa?" Na ce eh. Sai ya kulle ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya duba rajista. Kanar ya ce ba wanda ya taɓa ta tun ranar da shi Bukar ya yi rubutu na ƙarshe. Na ce alhamdu lillahi. Ya ce, "Ba ki gane ba. Mai tsaro na bakin ƙofa, ke kuma gindin kika buɗe." Ya nemi littattafan ma'auna don ya gwada, Oga ya ce suna hedikwata. Ya rubuta takarda sau uku, ba amsa. Gonaki sun fi ƙarfin a haddace su, ba shi da abin da zai auna rajistar da shi. Haka ya haɗa sabuwar na'ura ya kwafe abin da ke faifan, bai sani ba ko gaskiya yake adanawa ko ƙarya.

Damina ta wuce lafiya, har na fara mantawa. Na haihu, aka yi suna. Da ruwa ya janye aka buga rajista aka liƙa a ƙofar masu unguwanni. A wani ƙauye gaba da Katuzu, wanda ba zan ambata ba, mutane suka je duba sunayensu suka tarar da sunayen da ba wanda ya taɓa ji. Mafi kyawun fadamar, bakin ruwa, ta koma hannun baƙi, burtalin da ya ratsa ta ya ɓace daga takarda. Kafin wata ya cika an kafa turaku an ja wayar shinge. Makiyaya suka sauko da shanu ta hanyar kakanninsu suka tarar da ita a toshe, suka karkata cikin gonakin da suka rage wa mutanen ƙauyen. Manoman da aka ƙwace wa da makiyayan da aka tare wa hanya suka faɗa wa juna, masu wayar kuwa ko ƙeyarsu ba a gani ba. An rasa rai. Wani magidanci ne, ya bar mata da 'ya'ya.

Aka turo kwamiti, da nasu masanin kwamfuta. Ya tambayi Kanar wa ke da ikon rubutu a rajista, Kanar ya ce Bukar shi kaɗai. Ya tambayi yaushe aka taɓa ta, Kanar ya faɗi ranar da Bukar ke ofis. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Hedikwata ta ce ba ta san wani masani ba, ba ta karɓi littafi ba. Oga ya ce shi ko kunna injin bai iya ba. Ina zaune a bayan ɗakin da goyo, aka tambayi Ya Bukar ko akwai wanda ya taɓa riƙe babban mabuɗi ban da shi. Bai waiwayo ba. Ya ce, "Mabuɗin nawa ne." Na buɗe baki, jaririn ya motsa a bayana, na rufe. Aka kore shi daga aiki. Bai shiga gidan yari ba don an rasa shaidar ya karɓi wani abu, amma gari ya riga ya yanke nasa hukuncin.

Ya koma Nguru ya kafa teburin gyaran rediyo kusa da 'yan kifi. Mutumin da aka tura Kaduna karatu ya ƙare yana hura ƙura daga rediyon masunta. Idan mutanen Gashua suka zo cin kasuwa sai su nuna shi da baki. Bai cika shekara biyu ba ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Na je jinya, wata safiya muna mu biyu na ce zan je in faɗa. Ya ce in na faɗa ba baƙon za a kama ba, ba Oga ba, ni za a kama, mai goyo, fadamar kuma ba za ta dawo ba. Sannan ya faɗi abin da ban zata ba. "Ni ma da laifina, Falmata. Akwai yadda zan yi in ba ki ƙofar ƙaramin faifai ita kaɗai, da sunanki, ba tare da ta taɓa babban ba. Na sani, na ƙi, don kulle komai ya fi sauƙi. Da kina da ƙaramar ƙofarki, da ranar kin kwafe masa abin da yake so da hannunki, ambulan na nan a liƙe." Ya sa na yi masa alkawarin yin shiru har yarana su girma. Sun girma tun tuni. Babbansu ma yana da furfura a gemu. Shirun da na ci gaba da yi bayan nan nawa ne, ba nasa ba.

Kwanakin baya na ji a rediyo ana ta murnar za a zuba bayanan filaye da gonaki a kwamfuta, wai daga yanzu ba mai iya taɓa su. An ce injinan yau sun fi na da wayo, suna iya ba kowa daidai ƙofar da yake buƙata, kuma na yarda. Amma na san tambayoyin da Ya Bukar zai yi musu, don na sha jin su. Wa ke iya taɓa faifan kansa? Idan mai mabuɗi ya yi tafiya, wa ya bar wa? Ina takardun asali suke, kuma wa ya hana a zuba su a but? Sannan idan babban mutum ya shigo da baƙo mai fara'a ya ce a buɗe masa, wace yarinya ce a ofishin za ta iya cewa a'a, kuma wa zai tsaya mata in ta faɗa? Wayar da aka ja a ƙauyen nan tana nan. An sake ta sau da yawa, yanzu ma har da katanga ta gefen titi. Duk wanda ya bi hanyar Katuzu a kan babur ya gan ta.

Me ya rage na Ya Bukar? Ba gida, ba gona, ko taku ɗaya na fadama bai mallaka ba har ya mutu. Akwai littafinsa mai baƙin bango, akwai ambulan mai tudun ƙaro, duk suna ƙasan akwatina. Akwai Modu, wanda ya tashi yana sunkuyar da kai idan an ambaci Gashua, bai taɓa tambayata ba, kuma a shafin nan zai fara jin abin da gwaggonsa ta yi. Akwai taurin kan nan da na tsana ina yarinya, wanda yanzu na san da shi ya tare mini abin da ya kamata ya faɗo a kaina. Sunansa ne kawai bai rage ba, kuma ni na karɓe shi.

Tsohuwar da ta yi wa dangin manemin Yagana magana, na bincika. Matar magidancin nan ce da aka kashe a fadama. Tana da gaskiyar riƙe abin, sunan da ta riƙe ne ba daidai ba. Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan hau mota zuwa Gashua, in hau babur zuwa ƙauyen, da ambulan a hannuna. Ban san ko za ta ba ni tabarma ba. Ban san ko auren zai yiwu ba, watakila ma in ƙara ɓata shi, tunda jinin ɗaya ne. Amma kafin in tsaya gabanta ina so ya zama a rubuce, inda ba mai shiga ta ƙasa ya canza shi. Bukar yana Nguru yana jiran jirgi ranar da aka buɗe faifan. Ni, Falmata ƙanwarsa, ni na buga tauraron.

Allah ya jiƙanka, Ya Bukar, ya sa kabarinka ya fi ɗakin nan sanyi. Ni kuma ku roƙa mini abin da ya sauwaƙa.